Daga kududdufi zuwa Wikki da bakin teku: yadda matafiyi zai shiga ruwan da bai sani ba

Mu da muka tashi a Katsina ba mu san wani ruwan iyo ba sai na damina. In aka tafka ruwa a watan Agusta, kududdufan da aka haƙa don bugun tubali suka cika suka batse, sai mu sulale bayan an tashi daga makarantar allo mu je mu yi ta kurme har la'asar sakaliya. In mun dawo gida Inna ba ta tambayar inda muka je. Hannu take kamawa ta ja farce a damtse, in farin layi ya fito, ga kuma ido ya yi jajir, magana ta ƙare. Ina da shekara goma sha ɗaya na fara ganin ɗigon jini a ƙarshen fitsari. Manyan yaran unguwa suka ce ai girma ne ya zo. Ashe tsargiya ce, kuma sai da na yi kusan shekara biyu ina ɓoyewa kafin a kai ni asibiti.

Yanzu Katsinawa da Daurawa sun bazu a duniya. Ɗalibanmu na Malesiya da Masar, 'yan kasuwa na Kwatano da Lome, masu Umara na leƙa bakin Bahar Maliya a Jidda, ango da amarya na tafiya Zanzibar. Kowa ya ga hoton ruwa garai-garai a waya sai ransa ya biya, kuma ba laifi, don shiga ruwan da Allah Ya shimfiɗa tsakanin duwatsu da itatuwa ni'ima ce da mutumin ƙasar rani ya fi kowa sanin daɗinta. Sai dai mu baƙin ruwa ne. Ɗan masunta ya san halin kogi tun yana goye, mu kuwa sai mun koya. Ga yadda nake bi, tun daga gida har a dawo.

Mataki na farko: auna kanka tun kana gida

Fantsama a kududdufi da ƙafa na taɓa ƙasa ba iyo ba ne. Kafin ka sayi tikiti, je wurin ninƙaya na otal, a Katsina ko Kano, inda akwai mai koyarwa, ka gwada abu biyu. Ka kwanta rigingine a kan ruwa, kunnuwa a ciki, fuska na kallon sama, ka yi minti ɗaya ba ka taɓa ƙasa ba. Sannan ka yi iyo mita 25 ka juyo ba tare da ka kama gefe ba. In ka kasa ɗaya daga ciki, iyakarka ruwan da bai wuce ƙugu ba, ko kuma ka sa rigar ceto, kuma babu abin kunya a nan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin mutum 300,000 ruwa ya ci a faɗin duniya a shekarar 2021 kaɗai.

Mai farfaɗiya ko ciwon zuciya ya fara ganin likita, kuma kada ya shiga ruwa ba tare da wani ya tsaya kansa ba. Mai ɗanyen rauni a jiki ya haƙura har ya warke. Za a ga dalili a gaba.

Mataki na biyu: zaɓi irin ruwan kafin ka zaɓi ƙasa

A nan ne aikin yake, don ruwa iri-iri ne, kowanne da halinsa.

Fara da cire waɗanda ba na iyo ba ne. Madatsun ruwanmu, Zobe a Dutsin-Ma, Jibiya, Ajiwa, Sabke ta wajen Daura, da Mairuwa a Funtuwa, an yi su ne don sha da noman rani da su. Ƙasansu laka ce mai riƙe ƙafa, akwai tsofaffin kututture da ragar masunta a nutse, kuma zurfin kan faɗa farat ɗaya. Ka je ka sha iska, ka sayi kifi, ka dawo. Haka ramukan da 'yan kwangila suka ɗebi jar ƙasa don aikin hanya: bangonsu a tsaye yake, mai santsi, wanda ya faɗa ba ya samun makama. Duk damina muna jin labarin yaran da irin waɗannan ramuka suka ci, kuma kowace unguwa tana da nata labarin.

Ruwan da na fi ba baƙo shawara ya fara da shi shi ne maɓuɓɓuga mai gudana, mai yashi a ƙasa, wadda ake ganin yatsun ƙafa a cikinta. A Najeriya babu kamar Wikki, cikin gandun dajin Yankari a jihar Bauchi. Ruwan na fitowa ne daga ƙarƙashin wani bangon dutse, ɗuminsa digiri 31 dare da rana, rani da damina, yana zubar da kimanin lita miliyan 21 kullum zuwa kogin Gaji. Faɗinsa mita 13 ne, wuri mafi zurfi kusan mita biyu, can jikin dutsen, yana kuma raguwa in ana yin ƙasa har ya dawo inda yara za su tsaya. Daga Katsina a bi Kano, daga Daura a bi ta Kazaure a haɗu a Kanon, sai Wudil, Birnin Kudu, Ningi, Bauchi. Daga Bauchi a ɗauki hanyar Gwambe a karya a Dindima zuwa ƙofar gandun da ke Mainamaji, sannan a ƙara tafiyar kimanin kilomita 40 cikin daji zuwa sansanin Wikki. Tafiyar yini guda ce cur. A fita da asuba, a tambayi direbobin tasha halin da hanya take ciki, kada a yi dare. Gwaggon birin wurin ba ya tsoron mutane, yana buɗe jaka yana wawurar leda a hannu, don haka abinci ya zauna a ɗaki, a kulle ƙofa da taga.

Na kai 'ya'yan yayata can wata hunturu. Mun sauka matakalar da sassafe, tururi na tashi a kan ruwan, hazo ya rufe saman itatuwa. Ƙaramin ya tsoma ƙafa ya ɗago kai ya ce, "Kawu, wa ya dafa shi?" Har yau in na tuna fuskarsa sai in ji tafiyar ta biya kuɗinta.

Akwai irin wannan maɓuɓɓuga a Tanzaniya, Kikuletwa, wadda ake kuma kira Chemka, kusa da garin Moshi, amma ita tana da zurfi da ɗan jan ruwa, sai wanda ya iya. Ikogosi a jihar Ekiti kuwa, inda ruwan ɗumi da na sanyi suke haɗuwa, ta fi dacewa da tsoma ƙafa da kallon ikon Allah.

Sai magangarar ruwa, wato inda kogi ke zubowa daga kan dutse ya tara gurbi a ƙasa. Gurara a jihar Neja, tsakanin Suleja da Minna, tsayinta kusan mita 30 ne. Da damina ruri take yi, ko kusa ba a zuwa, amma daga Janairu zuwa Maris ruwan kan ja ya bar gurabe masu natsuwa a ƙasa. Akwai Matsirga kusa da Kafanchan, Assop a jihar Filato, da Erin Ijesha mai hawa bakwai a jihar Osun. A Gana akwai Wli kusa da Hohoe, da Kintampo a kan hanyar Kumasi zuwa Tamale. Ɗalibanmu na Malesiya sun san Telaga Tujuh a tsibirin Langkawi, ma'anarsa rijiyoyi bakwai. Waɗannan wurare su suka fi kyau a hoto, su ne kuma suka fi buƙatar hattara, saboda santsin dutse da ruwan da kan taho ba sallama.

A Oman akwai kwaruruwa tsakanin duwatsu masu ruwa kore shar, irin su Wadi Bani Khalid da Wadi Shab. Ƙasar Musulmi ce, ana son a suturta jiki, don haka mai iyali zai sake. A Zambiya akwai wani gurbi a daidai leɓen magangarar Biktoriya, inda ruwa ke faɗawa ƙasa fiye da mita 100, ana shigarsa da 'yan jagora lokacin da kogin Zambezi ya ja. Ni dai ba zan tura ɗan'uwana can ba. Abin da ake nema a wurin hoto ne, kuma hoto bai kai rai ba.

Manyan tafkuna da kogunan Afirka, tafkin Malawi, tafkin Biktoriya, kogin Nilu, kogin Kwara, duk suna da kyau, amma su ne gidan tsargiya, wasu sassan kuma da kada da dorina. Ruwan teku kuwa, saboda gishirinsa, tsargiya ba ta rayuwa a ciki. Shi nasa haɗarin daban ne, zan zo kansa.

Yadda tsargiya take kama mutum

Ya kamata a fahimci wannan sosai, don da yawa suna zaton sai an sha ruwan. A'a, ta fata take shiga. Mai cutar ya yi fitsari ko bayan gida a ruwa, ƙwai ya ƙyanƙyashe, ƙwayar ta shiga jikin wani ƙaramin dodon koɗi da ke manne da ciyayin ruwa, ta hayayyafa a can, sannan ta fito tana yawo a ruwa ido ba ya ganinta. Cikin 'yan mintoci take huda lafiyayyar fata. Daga nan ta girma ta zama tsutsa a jijiyoyin jini na mafitsara ko hanji, ta yi shekaru tana zuba ƙwai. Wani likita Bajamushe, Theodor Bilharz, shi ya gano tsutsar a Alƙahira a 1851, shi ya sa ake kiran cutar bilhaziya. In aka bar ta tana lalata mafitsara da ƙoda da hanta, tana iya kaiwa ga sankarar mafitsara, ga mata kuma tana taɓa al'aura da mahaifa har a yi ta maganin sanyi ba a dace ba.

Saboda haka inda ka ga ruwa a kwance, ga bado da kainuwa da kachala, ga ɓawon dodon koɗi a gaɓa, ga mutane na wanki da wanka, kada ka tsoma ko ƙafa. Ruwa mai gudu a kan dutse ko yashi ya fi dama, amma ba tabbas ba ne. Goge jiki da tawul da ƙarfi bayan an fito, wanda wasu ke cewa yana hanawa, ba abin dogaro ba ne. Ni duk ruwan daɗin da na shiga a Afirka, wato wanda ba na gishiri ba, komai haskensa, ina zuwa gwaji bayan na dawo.

Mataki na uku: lokaci

Ga koguna da magangara, rani ne lokacinsu. A arewacin Najeriya da maƙwabta, daga Disamba zuwa Maris. Sauran ƙasashe kowace da daminarta, a bincika kafin a tashi. Ko a rani, in an yi ruwan sama mai ƙarfi, a bari kwana biyu ko uku su wuce. Ruwan sama na wanko fitsarin ɓeraye da na dabbobi ya zuba a rafi, a cikinsa akwai ƙwayar wata cuta da likitoci ke kira leftosifairosis, wadda ke shiga ta rauni, ta ido, ta hanci ko ta baki. An san ta sosai a magangarun Malesiya da maƙwabtanta. Abin da ya sa na ce mai rauni ya haƙura ke nan.

A yini kuwa, hantsi ya fi. Ana ganin ƙasan ruwa, akwai jama'a, in wani abu ya faru akwai sauran rana da za a kai asibiti. Da almuru a fita. Iyayenmu da suke hana mu zuwa bakin ruwa da magariba suna da gaskiya ko ta wace fuska aka duba: lokacin ne kada ke farauta, dorina ke fitowa kiwo, sauro ke tashi, ido kuma ba ya ganin wanda ya nutse. Mai azumi ya bar iyo sai bayan Salla. Ga haɗiyar ruwa ba da niyya ba, ga jiki ba ƙarfi.

Mataki na huɗu: sutura da kayan tafiya

Wannan ya shafe mu fiye da Turawan da ke rubuta irin wannan bayani. Muna son mu rufe jiki, kuma daidai ne, amma kaftani da shadda da atamfa in sun jiƙe nauyi suke yi su naɗe ƙafa. Namiji ya sami wando na yadin roba mai sauƙi, daga cibiya zuwa gwiwa, mai mazagi, da riga mai kama jiki irin ta 'yan ƙwallo.

'Yar'uwa, kada ki shiga ruwa da zane ko dogon hijabi. Zane kwancewa yake yi, ki shagala da kama shi ruwa ya ja ki. Hijabi kuma yakan taso ya manne a fuska ya toshe numfashi, ko ya sarƙe a reshe a ƙarƙashin ruwa. Akwai kayan iyo na Musulmai, dogon wando da riga mai dogon hannu da ke saukowa cinya da hula mai rufe wuya, ana samunsu a manyan kasuwanni da ta intanet. In ba ki samu ba, tela zai ɗinka da yadin roba mara nauyi. Ki ajiye hijabin da busasshen zane a gaɓa, kina fitowa ki yafa. Sarƙa da 'yan kunne da awarwaro su zauna a masauki.

Takalmin roba mai kama dunduniya wajibi ne, silifas ba ya yi, zamewa yake. Sai rigar ceto daidai jikin kowane yaro, don tayar roba da ake hurawa abin wasa ce kawai. A ɗauki ruwan sha mai yawa, sabulu, filasta, maganin wanke rauni, jakar leda mai zif don waya da fasfo, da igiya mai tsawon kamar mita goma. Mai fita ƙasar waje ya tabbata katinsa na rigakafin shawara yana hannu.

Mataki na biyar: in ka isa, kada ka tuɓe tukuna

Matambayi ba ya ɓata. Nemi mutanen wurin, ba mai sayar maka da tikiti kaɗai ba. Masunta, mai kwalekwale, mata masu wanki, ko Sarkin Ruwa in garin na da shi. Ka yi sallama, ka gaisa, ka tambaya: ina ake shiga, ina ba a shiga, akwai kada, yaushe ruwa ya ci mutum na ƙarshe kuma a ina? Tambayar ƙarshen nan ita ta fi fito da gaskiya. A wani gulbi na taɓa tambayar wani dattijo mai gyaran koma, ya nuna mini wani wuri da ruwan ya kwanta luf kamar tabarma, ya ce, "Malam, can ɗin da ka ga ya yi shiru, can ne bakinsa." Da ban tambaya ba, can zan fara nufa. In mutanen gari suka ce wuri na da iskoki ba a shiga, kada ka tsaya gardama. Sau da yawa akwai rami ko juyin ruwa a wurin, kuma ko babu, kai baƙo ne, ka girmama al'adarsu.

Sannan ka zauna minti goma kana kallo. Jefa kara ka ga inda ruwa zai kai shi da saurin da zai tafi. Dubi inda za ka fito, ba inda za ka shiga kaɗai ba, don dutse mai gansakuka ana sauka ta kansa amma ba a hawa. Ɗaga kai ka dubi sama: a Kintampo, a watan Maris na 2017, guguwa ta kayar da wata babbar bishiya kan masu wanka a ƙasan magangarar, mutum fiye da 15 suka rasu, yawancinsu 'yan makaranta. In hadari ya haɗu ko aka fara walƙiya, kowa ya fito ya bar ƙarƙashin itatuwa.

Mu mun san yadda ƙorama take. Yashi ne busasshe ana tafiya a kai, ko ɗigo ba a yi a garinku ba, sai ka ji gunji daga gabas, ruwa ya iso da kumfa da karmami. Haka magangara da kwarin dutse suke yi in an yi ruwa a can saman tudu. Mutanen Malesiya har suna suka ba abin, suna ce masa kan ruwa da harshensu. Alamarsa ruwa ya fara gurɓacewa, ganye da ƙirare su fara wucewa, ƙarar ta ƙaru, dutsen da ka ajiye takalmi a kai ya fara nutsewa. Kana ganin ɗaya daga ciki ka hau tudu nan take, ka bar kayan.

Mataki na shida: shiga

Ka yi bisimilla ka shiga da ƙafa, a hankali, da sanda a hannu kana auna gabanka. Kada ka yi tsalle ka faɗa da ka a ruwan da ba ka auna da kanka ba, ko da ka ga yaran gari na yi. Su sun san inda kowane dutse yake. Karyewar wuya a nan take faruwa. Kada ka je daidai inda ruwan ke zubowa, don yana danna mutum ƙasa ya yi ta juya shi, kuma ruwa mai kumfa ba ya ɗaukar jiki kamar sauran. Kada kuma ka hau saman magangara don ɗaukar hoto.

Ba a shiga ruwa mutum ɗaya. In ku da yawa ne, a sa mutum guda ya zauna a gaɓa ba abin da yake yi sai ƙirga kawuna, ba waya ba hira, in ya gaji a canje shi. Wanda ruwa ke ci ba ya ihu kamar yadda ake zato. Bakinsa na nutsewa yana tasowa, ba shi da numfashin kira, hannuwansa na dukan ruwa a gefe, cikin ƙasa da minti ɗaya ya ɓace. Ƙaramin yaro ya kasance inda hannunka zai kai gare shi.

A ruwan daɗi mai ɗumi, ka bar kanka a sama, kada ruwa ya shiga hanci da ƙarfi. Akwai wata ƙwayar halitta da ke zama a irin wannan ruwa, in ta bi ta hanci takan kai ga ƙwaƙwalwa. Ba kasafai take kama mutum ba, amma wanda ta kama da wuya ya tashi. Wannan ya shafi alwala ma: in lokacin salla ya yi a bakin tafki, ka yi kurkurar baki da shaƙa da ruwan gorar da ka zo da shi.

In teku ce

Gaɓar Legas, Kwatano, Lome da Akara duk Tekun Atilantika ce, mai ƙarfin gaske. Abin da ya fi cin mutane a can wata hanyar ruwa ce da ke komawa cikin teku da gudu bayan igiyoyi sun turo ruwa gaɓa. Abin tsoron shi ne wurin ya fi ko'ina kama da lafiya: igiya na fashewa dama da hagu, tsakiya kuwa shiru, ruwan ya ɗan yi duhu, kumfa da tarkace na tafiya ciki. Baƙo na ganin nan sai ya ce ga wuri mai sauƙi. In ta ɗauke ka, kada ka yi kokawa da ita kana neman gaɓa kai tsaye, gajiya za ka yi. Ba ƙasa take jan mutum ba, ciki take kai shi, kuma ba ta da faɗi sosai. Ka kwanta rigingine ka huta, ka ɗaga hannu ɗaya a gan ka, sannan ka yi iyo ta gefe, kana bin tsawon gaɓa, har ka fita daga cikinta, igiya ta taimaka maka ka dawo.

Inda akwai masu ceto, tsakanin tutoci masu ja da rawaya ake shiga. Jar tuta zalla na nufin kada kowa ya shiga. A Legas, Tarkwa Bay da ake zuwa da jirgin ruwa ta fi sauran gaɓar lafawa saboda tana cikin lungu. A Zanzibar, teku na cika tana janyewa sau biyu a yini, kusan awa shida tsakani. A gabashin tsibirin takan janye da nisa, mutum ya bi yashi ya yi ta tafiya, in ta juyo ta riga shi zuwa gaɓa, don haka a tambayi masauki lokacin cikarta. A arewa, Nungwi da Kendwa, ana iyo kusan kowane lokaci. A sa takalmi saboda wata halitta mai ƙaya kamar bushiya da ke ɓuya cikin duwatsu. A tekun Malesiya da Tailan da Filifin kuma akwai wata mai kama da farar leda da zaruruwa, harbinta na iya kisa. In ta taɓa mutum a kwarara ruwan khal a wurin, kada a murza, kada a zuba ruwan daɗi, a nufi asibiti.

In wani ya nutse a gabanka

Hausawa sun ce wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Kai ma haka zai kama ka, ya danne ka, a rasa mutum biyu. Ka yi kururuwa a taru. Ka kwanta rub da ciki a gaɓa ka miƙa masa sanda, gora, rawani ko zane. In ya yi nisa ka jefa masa abin da ke yawo a kan ruwa: jarka mai lita 25 da ba komai a ciki, an ɗaure murfinta, tana ɗaukar babban mutum, in an ɗaura mata igiyar nan sai a jawo shi.

In an fito da shi ba ya numfashi, kada a ɓata lokaci ana danna ciki ko a juya shi ƙasa wai ruwa ya fita. A kwantar da shi rigingine, a ɗaga haɓa, a toshe hanci a hura masa iska a baki sau biyar, sannan a danna tsakiyar ƙirji da ƙarfi sau 30, a hura sau biyu, a ci gaba a haka ba tsayawa har taimako ya zo. A Najeriya lambar gaggawa 112 ce, a wata ƙasa a tambayi tasu tun ranar sauka. Ko ya farfaɗo ya ce lafiyarsa lau, a kai shi asibiti, don ruwan da ya shiga huhu kan tayar da matsala bayan sa'o'i.

Bayan an fito, da bayan an dawo gida

Ka yi wanka da sabulu da ruwa mai tsabta, ka karkata kai ruwan kunne ya fita, ka wanke duk wani ƙurji ko yanka. Ledarka da gorarka ka tafi da su. Kada ka yi fitsari a ruwan, don da haka tsargiya ke zagayawa.

Ka rubuta ranar da ka shiga ruwa da sunan wurin. In zazzaɓi ya zo cikin wata guda, musamman da ciwon kai, ciwon sha-raɓa da jan ido, kada ka tsaya a kemis kana sayen maganin maleriya. Je asibiti ka faɗa wa likita da bakinka cewa ka shiga rafi a wuri kaza ranar kaza, don cutar fitsarin ɓera kama take da maleriya, in ba ka faɗa ba da wuya a yi tunaninta, maganinta kuma daban ne.

Tsargiya kuwa takan yi shiru. Wani zai ji ƙaiƙayi da ƙananan ƙuraje a ranar, wani zazzaɓi da tari bayan makonni, da yawa ba za su ji komai ba. Shan magani washegarin dawowa ba ya aiki, don farazikwantel, ƙwayar da ake bayarwa, ta fi kashe tsutsar da ta riga ta girma. A jira wata biyu zuwa uku, a je a yi gwajin fitsari da bayan gida, ko na jini inda ake yi. Fitsarin tsakar rana ake so, daga hantsi zuwa azahar, har da ɗigon ƙarshe, don a lokacin ƙwan ya fi fita. In an samu, likita zai auna nauyinka ya ba ka ƙwayar daidai da shi, yawanci a yini ɗaya ake shanye ta, bayan an ci abinci. In za ka je gwajin, ka tafi da duk yaran da kuka shiga ruwan tare, ka kuma ja kowannensu gefe ka tambaye shi ko yana ganin jini, don yaro ba zai faɗa da kansa ba.